Ɗari da Ashirin Bisa Tamanin

Kwana uku aka ware don koya wa ma'aikatan asibitin aiki da kwamfuta. Biyu da rabi suka tafi a jawabin manya da ɗaukar hoto da rabon jaka mai tambari. Ragowar rabin yinin aka bar wa malamin, wani ɗan gaye mai kwat a tsakiyar zafi, wanda ungozomomi suka laƙaba wa Danna-Nan, don bakinsa bai san wata magana ba sai ita.

Babbar ungozoma, wadda kowa ke ce wa Anti, ta ɗaga hannu. Shekararta ashirin da shida tana awon ciki, ba ta ga abin da wannan yaron zai koya mata ba.

"Malam, gurbin awon jini fa? In ba a cika shi ba, abin naku ya ƙi wucewa gaba."

Ya dubi agogonsa. "Hajiya, ki sa ɗari da ashirin bisa tamanin, ki danna nan. Daga baya a gyara."

Wai daga baya. Aka tafa masa, aka ba kowa takardar shaida mai ruwan zinare, aka watse.

To, abin awon jini guda ɗaya tal gare su a ɗakin awo, shi ma robarsa da filasta aka ɗaure ta. Mata kuwa saba'in a kan benci kowace Talata. A zamanin kati, in ba a samu auna mace ba, sai a bar gurbin fari fat. Likita ya gani, ya san ba a auna ba, ya jawo abin awonsa. Kwamfuta kuwa ba ta yarda da fari. Sai kowa ta haddace lambar Danna-Nan kamar karatu. Cikin wata huɗu babu mace ɗaya mai hawan jini a unguwar kaf. Shugaban asibiti har lambar yabo ya karɓo, ya rataya a saman ƙofa, yana wucewa ƙarƙashinta yana gyara hula. Anti takan taɓe baki ta ce, "Asibitin da kwamfuta ke warkar da mutane."

Matar ƙaninta na da cikin fari. Ita ba ta bin layi. Ta ƙofar baya take shigowa, ta durƙusa ta gai da Anti, a shafa cikin, a yi hirar gida. Abin awo kullum yana hannun wata.

"Ke da kike ja-wur haka, me za a auna? Tashi ki je, kar rana ta yi miki."

Sau huɗu Anti ta danna mata lambar da yatsanta.

Ranar da Anti take hutu, yarinyar ta zo da ciwon kai da kumburin ƙafa. Likita ya buɗe kwamfuta, ya ga awo huɗu reras, duk lafiya lau, ga sunan Anti a jikin kowanne. Wa zai sake auna wadda Anti ta auna? Ya rubuta mata maganin ciwon kai, ya ce ta rage tsayuwa.

Bayan kwana biyu, da hantsi, aka shigo da ita ranga-ranga tana jijjiga. Anti ta fizge abin awon daga hannun wata, ta ɗaura, ta matsa. Ɗari da casa'in bisa ɗari da ashirin. Ta ɗora abin saurare a kan cikin, ta matsar da shi hagu, ta matsar da shi dama, ta koma ƙasa. Shiru, babu bugun zuciyar jaririn. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba a aikin nan.

Aka wuce da uwar zuwa ɗakin tiyata. Ƙanin Anti yana tsaye ƙarƙashin lambar yabon, takalmin matarsa a hannu.

"Yaya," ya ce a hankali, "ashe haka yake tashi farat ɗaya? Ke da kanki fa kike auna ta."