Sunan da Aka Sa Shi Ya Kira

Mi-ryeong ta rasu ranar da aka fara ruwan damina a birnin Daegu. Ni maƙwabciyarta ce a kasuwa, ina sayar da taliya, ita tana ɗinki. An haife ta namiji, ta yi rayuwarta mace, kuma shekara da shekaru tana zaune da Dal-su, wani direban tasi marar hayaniya. A takardar hukuma kuwa ita namiji ce, shi kuma ba kowanta ba ne.

Yayanta Gi-tae, wanda ko a asibiti bai leƙo ta ba, shi ya ɗaura ƙyallen babban mai makoki a damtse. Hoton da ya kafa cikin furanni na lokacin da ta yi aikin soja ne, kai a aske. Raina ya ɓaci har na kasa cin miyar zaman makoki.

Dal-su aka bar shi a bakin ƙofa yana jera takalman masu ta'aziyya. Abu ɗaya yake roƙo, a bar shi ya ga fuskarta kafin a rufe akwatin gawa, dangi kaɗai ake bari su shiga wajen.

"Yaya, don Allah, kallo ɗaya."

"Wa ye yayanka? Ka kawo dokar da ta ce kai dangi ne, ni da kaina zan buɗe maka ƙofa."

Babu irin wannan dokar, kowa ya sani. Tun muna 'yan mata ake kai ƙudurin dokar majalisa yana dawowa.

Da lokaci ya yi, sai Gi-tae ya yafito shi yana murmushi. Na bi bayansu, ba wanda ya kula ni. An yanke mata gashi, an sa mata likkafanin maza. Mai shirya gawa ya ce kowa ya dafa goshin mamaci, ya kira sunansa, ya yi sallama.

Dal-su ya miƙa hannu, Gi-tae ya riƙe masa wuyan hannun.

"Malam direba, da sunan da ubanmu ya raɗa masa. In ba za ka iya ba, ga hanya nan."

Sunan nan ta tsane shi, ko da wasa Dal-su bai taɓa furta shi ba. Ya daɗe yana kallon fuskarta.

"Byeong-cheol," ya ce. "Ka sauka lafiya."

"Ba mu ji ba," in ji Gi-tae. "Ɗaga murya."