Saukar Barend Daga Hawa na Uku

A matakala ta ashirin da uku Alida ta tsaya, kamar kullum, ta jingina kafaɗa da bango tana haki. Faranti na hannun dama, ɗanyen kifin haring biyu da yankakkiyar albasa, kamun farko na bana. Saura goma sha biyar. Shekara biyu ke nan tana wannan hawa da sauka, sau shida, sau bakwai a yini, tun da mijinta Barend ya karye a ƙugu bai sake taka ƙasa ba.

Matakalar gidan nan kuwa, a faɗi gaskiya, tsani ne aka shafa wa fenti. Ta haura shekara ɗari uku, kamar sauran gidajen bakin ruwan Amsterdam. Sau uku suna rubuta wa hukumar kula da tsoffin gine-gine a bar su su sa kujerar lantarki mai hawa da mutum. Aka turo wata mata mai tabarau, ta shafa katakon kamar mai shafa jariri, ta ce ko ƙusa ba za a buga ba, kayan tarihi ne. Alida ta ce gwiwoyinta ma sun kusa zama kayan tarihi, wa zai zo ya shafa su? Matar ba ta yi dariya ba.

Da ƙyar 'yarsu Wilma ta samo musu gida a bayan gari, a ƙasa, babu matakala ko ɗaya. Shekara ɗaya da rabi suna cikin jerin masu jira. Yau kafin ƙarfe huɗu dole su bayyana su biyun, su sa hannu, su karɓi makulli, in ba haka ba a miƙa wa na bayansu.

Alida ta ƙarasa sama ta tarar da ɗakin wayam. Tun safe masu kwasar kaya suka cire tagar gaba, suka rataya gargaren jan kaya da igiya a ƙugiyar gungumen da ke leƙowa daga goshin gidan, suka sauke gado da kabad da tebur. Abu ɗaya ya rage, Barend a tsohuwar kujerarsa ta fata, ya harɗe hannuwa.

"Ga kifinka, tsoho."

"An daɗe da yanka albasar nan."

"Ci ko ka bari."

Ya kama wutsiyar kifin, ya ɗaga kai, ya zura shi a baki. Duk fushinsa bai taɓa kai ga barin haring ɗin sabon kamu ba.

Da ƙarfe goma ma'aikatan asibiti sun zo da gadon ɗaukar maras lafiya. Suka auna kwanar matakalar suka ga ba zai juya ba, suka ce sai dai a ɗaure Barend a kwance, motar 'yan kwana-kwana ta sauke shi ta taga. Barend ya kore su da sanda. Truus, maƙwabciyar da ke tsallaken ruwa, wadda labulenta bai taɓa rufuwa duka ba, ta rantse har ashar ɗin ta ji.

"Sha biyu ta wuce, Barend," in ji Alida. Ta zauna a daɓe don babu wurin zama. "Wilma ta buga waya sau huɗu."

"Ta buga sau arba'in. A layin nan ba wanda ke fita ta taga a kwance sai gawa. Uwata haka ta fita, ubana haka ya fita. Ni da raina ba za a naɗe ni kamar darduma Truus na kallo ba."

"To ka mutu mana in huta."

"Sai kin riga ni."

"Ai ina kan hanya. Matakalar nan ce za ta kai ni."

Ya kau da kai wajen taga. Ta dubi gwiwoyinta, sun kumbura kamar ƙullun burodi. Ba ta da ƙarfin faɗa, ba ta da ƙarfin kuka. Shekara hamsin da ɗaya da aure, ta san in ya kafe ko jirgin ruwa ba ya jan sa.

Iska ta kaɗa igiyar, gargaren ya yi ƙara. Barend ya ɗaga kai da sauri, kamar an kira sunansa. Gargaren na ubansa ne, shi ma shekara arba'in ya yi yana jan buhunan koko da gahawa zuwa saman rumbunan tashar jirgi. Har gobe alfaharinsa ɗaya ne: a zamaninsu akan ɗora ƙaramin kofin giyar jenever cike taf a kan kaya, a sauke daga hawa na biyar, wanda ya zubar da ɗigo shi zai sayi na kowa. Shi bai taɓa saye ba. Alida ta ji labarin nan ya fi sau dubu.

"Yaran nan ba su iya ba," ya ce. "Kin ga yadda suka buga kabad ɗina da bango?"

Alida ta dubi igiyar, ta dubi kujerar. Ta daɗe tana duba.

"A zaune fa?" ta ce.

"Me?"

"Ka ce ba ka fita a kwance. A zaune fa, cikin kujerarka?"

Sai ta ga kunnuwansa sun yi ja.

Ta sauka matakala talatin da takwas ɗin, tana dafa bango. Sjaak, shugaban masu kwasar kayan, yana jingine da mota yana cin burodi da cuku. Tana faɗa masa ya kusa shaƙewa.

"Mama, mutum? A igiya? Inshora ba ta san wannan ba. Ni kaya nake saukewa."

"Ai kaya ne. Shekara biyu yana wuri ɗaya, har ƙura nake kaɗe masa."

"Ki yi haƙuri, Mama. Aikina zai tafi."

Ba ta ja ba. Ta taka a hankali zuwa mashayar kwanar layi, mai baƙin silin da yashi a ƙasa, inda tsoffin abokan aikin Barend ke kashe yini. Uku ta samu. Teun, babbansu, ya sunkuya hannuwa a baya yana kurɓar bakin kofinsa, don ba a ɗaga shi sai an rage.

"Teun, ka iya ƙulli har yanzu, ko hannun ya mutu?"

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu tukuna. Barend za ku sauke."

Tsofaffin suka dubi juna. In an haɗa shekarunsu sun kusa kamo na matakalar. Teun ya goge baki ya ce, "Mai taurin kan nan? Na daɗe ina son in gan shi yana reto."

Ta karɓi kwalbar jenever da kofi ɗaya a wurin mai mashayar, suka fito.

Teun ne ya hau, ya tsaya hutu sau uku, yana tsine wa wanda ya gina gidan. Alida na biye da shi. Ya ɗaure kujerar ta kusurwa huɗu, ya zagaya ɗamara a ƙirjin Barend, shi kuwa yana ta gyara masa.

"Ba haka ba, jaki. Ta ƙasa za ka bi."

"Rufe baki, buhu ba ya magana."

Daga taga Alida ta hango tsofaffi biyu a ƙasa sun kama igiya, tana neman ƙwace musu. Sjaak ya kalle su, ya kalli sama, ya yar da sauran burodinsa cikin ruwa.

"Ku matsa, Baba, kafin ku kashe shi ku kashe kanku," ya ce. Ya kira abokin aikinsa suka kama gaba. "Ni dai kujera aka ce in sauke. Ban ga kowa a ciki ba."

Alida ta cika kofin har ya yi tozo, ta sa a hannun mijinta. Suka tura kujerar bakin taga, igiya ta miƙe, ƙafafun Barend suka bar gidan da aka haife shi.

Layi ya cika. Masu keke sun tsaya, jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido ya rage gudu, duk an ɗaga wayoyi. Truus ta buɗe labulenta gaba ɗaya, abin da ba a taɓa gani ba. Barend na tsakiyar iska, farin gashinsa na tashi, idonsa a kan kofin, yana ba da umarni da tsohuwar muryarsa.

"A hankali! Saki kaɗan! Kai mai jar riga, ba guga kake ja ba!"

Alida ba ta tsaya kallo ba. Ta juya ta kama saukowa, taki ɗaya, hutu ɗaya, tana jin ƙarar gargaren ta cikin bango. In ya yi shiru, zuciyarta ta tsaya. In ya ci gaba, ta ƙara taki. Da ta fito ƙofa, ƙafafun kujerar na taɓa duwatsun titi.

Aka yi tafi. Barend ya ɗaga kofin kowa ya gani, sannan ya sunkuya ya kurɓa. Hannun rigarsa ya jiƙe sharkaf har gwiwar hannu. Alida ta gani, Teun da ya sauko bayanta ya gani.

"Ko ɗigo," in ji Barend.

"Ko ɗigo," in ji Teun.

Aka ɗaga shi da kujerar aka sa a mota. Ƙarfe uku saura kwata. Wayar Alida na ta ruri a aljihu, Wilma ce, ga alama Truus ta riga ta isar da labari. Sjaak ya zare igiyarsa yana naɗewa. Sai Barend ya leƙo, ya nuna sama da kofin.

"Tsohuwa, gargaren! Gargaren ubana yana can a ƙugiya. Hau ki ciro."

Sjaak ya shige gaban mota. Teun ya juya yana kallon agwagin ruwa. Alida ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi matakalar, siririya, mai duhu, ta miƙe sama kamar maƙogwaro. Ta san kowace ɗaya da irin kukanta.

Ta jawo ƙofar ta murza makulli.

"Shekararsa nawa, gargaren?"

"Ya fi ɗari!"

"To ba a taɓawa," ta ce, tana neman inda za ta dafa ta hau motar. "Kayan tarihi ne."