Ƙunshin da Na'ibi Ya Jefa a Teku

Na'ibi ya ci amana, kuma har yau bai yarda ya yi laifi ba.

Amalanken jaki yake ja daga bakin tashar jiragen ruwa ta ƙasar Makka zuwa cikin gari, rabin cinikinsa na Jawawa ne, mutanen tsibiran gabas mai nisa. 'Yar ƙanwarsa Mastura tana auren wani Bajawe, Othman, kuku a jirgin alhazai mai tasowa daga Penang. A unguwar Hindawiyya take zaune da uwar mijin, tsohuwar da ciwo ya hana ta cin abinci, kullum zancenta miyar garinsu.

Da jirgin ya zo bana ba a bar Othman ya sauka ba, sai ya miƙa wa Na'ibi ƙunshi: zannuwa, kanumfari, da curin balacan, wato daddawarsu ta jatan lande. Zannuwa da kanumfari suka iso. Mastura ta zazzage ƙunshin ta dube shi.

"Kawu, ina na Inna?"

"Na jefa a teku. Ruɓaɓɓen abu. Kare ma ba zai ci ba."

"Kai da ba ka cin miya sai da daddawa?"

"Daddawa abinci ce. Su waɗannan wa ya san abin da suke ci? Mijinki ma wa ya san asalinsa? Uba Balaraben Hadramaut, kaka Ba'indiya, uwa daga wani tsibiri."

Mastura ta dafe kai. Mutanen nan tun kakanni a jirgi suke fatauci, inda iska ta tsayar da su nan suke aure, shi ne abin gori? Shi Kawun da aka haifa a Sudan kan hanyar Makka, Hausarsa rabi Larabci.

"Aike aka ba ka, Kawu, ba a ce ka sansana ba."

"Halas, shi ke nan, ki sa mata tamu."

Ta sa ɗin. Tsohuwa ta kai cokali baki, ta ajiye, ta juya fuska ga bango. Jirgi kuwa ya riga ya tashi, sai baɗi. Mastura ta bi gidajen Jawawa na unguwar Ammariyya tana roƙon ɗan guntu, ko'ina sai an tambaye ta ina wanda ɗan ya aiko, ita kuma ba ta iya ƙarya ba. Ta samo ɗan kaɗan, tsohuwa ta ci.

Wanda aka ba kaya ya kai, ba a tambaye shi ra'ayin hancinsa ba. Tun daga makon nan babu Bajawen da ya sake ɗora kaya a amalanken Na'ibi. Kafin azumi ya sayar da jakin.