Fitilar da Ya Kafa da Hannunsa

Mai gyaran wuta ne ya kafa shuɗiyar fitilar nan a rufin ɗakin masu tarin fuka na asibiti, har yana cika wa matarsa baki cewa haskenta na kashe ƙwayoyin cuta. Yau ga shi kwance a ƙarƙashinta, wata bakwai cur, magani ya ƙi karɓarsa.

Ya ce da nas, "Sista, don Allah a sauko min da ita saitin ƙirjina. Na san aikinta."

Ta gyara takunkuminta, ta kau da kai. "Iskar ɗaki kawai take wankewa, bawan Allah. Ba ta kaiwa huhu."

Ya ƙura wa hasken ido. Ashe ba dominsa fitilar take ci ba, mutane take karewa daga numfashinsa.