Layin da Malam Sagiru Ya Soke

Mako uku Zuwaira ta yi a ofishinsu na Ƙofar Guga tana rubuta littafin bayani kan abin da ke samun manhaja duk lokacin da ta aika wa uwar manhajar kwamfuta umarni. Ba ta rubuta layi ko ɗaya ba sai da ta gwada shi. A nan ta gano cewa idan manhaja na tafiyar da ƙananan ayyuka takwas a tare, waɗanda ake ce wa zare, ɗaya ya kira umarnin exit, wato umarnin fita, to ba shi kaɗai ke mutuwa ba, da sauran bakwai ɗin yake tafiya.

Malam Sagiru, shugaban ofishin, ya soke layin da jan biro.

"Ba haka malaminmu ya karantar da mu a jami'a ba."

"Malam, shi malamin naku ya gwada?"

"Ke ɗiyar jiya, mi kika sani?"

Ranta ya yi mugun ɓaci. Da littafin nan za a gina manhajar wani asibiti, kuma sunanta ne a bangonsa. Ta jawo kwamfuta gabansa, ta tayar da zare takwas, ta sa ɗaya ya kira exit. Duka suka ɗauke.

"Kwamfutar ce ta tsufa," in ji shi.

"To, kawo taka."

Bai kawo ba. Ta mayar da layinta, ta ƙara a ƙasansa, "An gwada a gaban Malam Sagiru ranar Talata," sannan ta tura wa kowa a ofishin, har da shi.