Ƙurar Yankan Dutse

A masana'antar yankan dutse ana ce masa Ƙarfe, don tun da ya fara aiki ba wanda ya taɓa ganin ya kwanta ciwo. Shi ke riƙe da babban injin da ke yanka allunan dutse na teburin kicin da matakalar bene. In injin ya kama dutse, farar ƙura sai ta turnuƙe zauren, ta hau gira da gemu, har abokan aiki su riƙa tsokanarsa wai ya yi furfura kafin rana ta take. Ƙanensa, Auta, shi ke goge gefen allunan a benci na kusa da shi. Ƙarfe ne ya samo masa aikin bayan rasuwar mahaifinsu.

Duk shekara wata likita takan zo da 'yar na'ura, ta zauna a ɗakin da ma'aikata ke sauya kaya. Za a matse wa mutum hanci, ya cika ƙirji da iska, ya hura cikin bututu iya ƙarfinsa. Ma'aikata sun mai da abin wasa, ana gasar wa ya fi kumbura kumatu.

Bana da Ƙarfe ya hura, likitar ta ce ya sake. Ya sake. Ta ce ya ƙara. Sai ta tashi ta tura ƙofa.

"Malam, kana tari?"

"Ni? Ko mura ba na yi, likita."

"In ka hau bene fa?"

Ya yi dariya. "Da dutse a kafaɗa nake hawa."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce kowa in yana manyanta, iskar da huhunsa ke iya fitarwa takan ragu kaɗan-kaɗan. Amma da ta gwama nasa na bana da na shekarun baya, sai ta ga raguwar tana gudu.

"Yau ba ka jin komai, na yarda," in ji ta. "Amma in ka ci gaba da shaƙar ƙurar nan, ina tsoron nan da 'yan shekaru ko wanka kake sai ka tsaya ka huta."

Fuskarsa ta ɗaure. "Ke kin san gaibu ne?"

"Ban sani ba. Hanyar da kake kai nake gani, kuma na ga inda ta kai waɗanda suka bi ta kafin kai. Zan iya yin kuskuren lokaci. Ka zo asibiti a ɗauki hoton ƙirjinka." Sai ta tambaye shi: "Wa ke aiki kusa da kai?"

"Ƙanena."

"Ban taɓa ganinsa a ɗakin nan ba."

Sai a lokacin ya lura: duk ranar gwaji, Auta kan sami dalilin bin motar kai kaya.

Da yamma ya isa gida ya haye matakalar benen da suke haya da gudu, don ya ƙaryata ta. A sama ya tsaya, ya dafa bango, yana sauraron ƙirjinsa kamar mai laɓe a ƙofar wani. Haki ne na kowa, ko kuwa shi ne abin? Ya kasa bambancewa.

Matarsa tana ninke wanki ya ba ta labari, yana yi yana dariyar dole. Ta ajiye rigar da ke hannunta.

"Baban yara, tun bara ka daina ɗora 'yar autarka a wuya in kun dawo daga makaranta. Na gani, na ja bakina na yi shiru."

"Ai ta yi nauyi."

"Ba ta kai dutse ba."

Abincin da ta kawo masa ma ya ture shi gefe.

Washegari likitar ta dawo don waɗanda ba a gwada ba. Ƙarfe ya tarar da Auta a bayan motar kaya yana ɗaure igiya.

"Sauko, za ka hura."

"Yaya, ka rabu da ni. In ta ce ba ni da lafiya, mai wurin nan sallamata zai yi. Matata ga ciki ya tsufa. Ina za ni?"

"In ka kwanta fa, ina za su?"

"Kai da ka hura, me ta ƙara maka ban da tashin hankali?"

Ƙarfe ya damƙi hannunsa ya ja shi ta tsakiyar zauren, mutane na kallo, injuna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Auta ya hura idonsa jajur. Likitar ta daɗe tana duban na'urar.

"Ya yi ƙasa ga mai shekarunka," ta ce. "Amma ba ni da na baya da zan gwama. Ko haka huhunka yake tun farko, ko ƙurar ce ta fara cin ka, ba zan iya faɗa yau ba. Ku zo asibiti tare."

Ƙarfe ya je wurin mai masana'antar ya roƙi a jona ruwa a injunan don ƙura ta kwanta, a kuma kawo abin rufe hanci na kirki. Mutumin ya saurare shi da mutunci, ya ce za a duba. Abin da aka yi kawai shi ne mai da Ƙarfe ɗakin ajiyar kaya. Auta ya zauna a bencinsa, ya ɗaure hanci da tsohon ƙyalle, ya kuma daina yi wa yayansa magana in ba gaisuwa ba.

Ranar asibiti Ƙarfe ya zauna a dogon benci, ya ajiye hularsa a gefe don kama wa Auta wuri. Kusa da shi wani mutum da bai girme shi ba yana jan numfashi da ƙyar, kafaɗunsa na ɗagawa da sauka. Ƙarfe ya kau da kai. Ya kira wayar ƙanensa, ta yi ta ƙara ba a ɗaga ba.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo. "Ba ku biyu aka ce ba?"

"Yana hanya," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi ƙofa. "To, shigo mu fara da kai."