Hannun da Sallau Ya Ci Abinci da Shi

Jibo mai silima bai gama sauke akwatunansa daga motarsa kamiyo ba sai ga Zalihatu tsaye a kansa, muciya a hannu, don daga bakin murhu ta taso.

"Malam, faifan sojoji nika so ka sa muna yau. Wanda kas sa bara waccan."

Jibo ya dube ta sama da ƙasa. "Wa ka son wannan? Mutanen Dutsi na gajeren Bature suka so, mai faɗawa cikin taɓo. Sau huɗu ina nuna shi nan, har yanzu in ya zame sai an kwanta don dariya. Na sojoji ko, da na sa shi mutane ka watsewa neman gyaɗa."

"Ni shi nika so."

Ba don kanta take so ba. Darni ɗaya ya raba gidansu da na tsohuwa Ladidi, wadda aka ɗebe ɗanta Sallau soja shekara shida ke nan. Ranar da aka nuna faifan nan, maza suna gaba a kan tabarmi, mata kuma suna bayan farin zanen da ake haska hoto a kai, inda suka saba zama. Sai ga sojoji a bakin jirgin ruwa sun kewaye kwano, ga Sallau a cikinsu ƙuru-ƙuru. Amma abin da na gaba ya gani a dama, na baya a hagu yake ganinsa, kuma babu wanda ya taɓa damuwa ya gaya wa mata haka. Ladidi ta ga ɗanta ya tsoma hannun hagu a kwano, a gaban gari duka. Ta tashi ta kaɗe zanenta ta tafi gida. Tun daga ranar ta daina sa masa albarka, takardunsa in sun zo sai ta cusa su a jinka ba a karanta ba.

Mijin Zalihatu ya rantse mata da dama yaron ya ci. Ladidi ta ce, "Maza ruhwa ma juna asiri suka yi. Idona ya gani."

Yanzu ga ta kwance wata biyu, ƙafafu sun kumbura, ko kunu sai da lallashi. Zalihatu ba mutuwar take tsoro ba, wannan kowa ya ga ta doso. Tsoronta kada tsohuwa ta tafi da fushin nan a ciki, wata rana Sallau ya dawo a gaya masa.

"Faifan ma ya tsinke wuri biyu," in ji Jibo. "Shina can ƙarƙashin kaya."

Zalihatu ta zauna daram a kan babban akwatin injinsa. "To ka nema. Tuwona na bisa wuta, in ya ƙone kai za ka yi ma maigidana bayani."

Jibo ya yi mita, ya yi tsaki, ya kuma hau kamiyo ya nema.

Ana idar da sallar magariba ta shiga ɗakin Ladidi da majanyi. Tsohuwa ta ce ba inda za ta. Zalihatu ta ce ai ba tambaya ta zo yi ba, ta durƙusa ta goya ta. Nauyinta bai kai damin kara ba, abin da ya sa hawaye suka cika idon Zalihatu a hanya. Da suka isa filin kasuwa ba ta nufi bayan zane ba, ta ratsa tsakiyar maza tana tsallake ƙafafu. Wani gardi mai tsaron filin ya tare ta da sandarsa.

"Mata baya."

"Bayan ne yaj ja muna wanga abu. Kauce, baba, kaya gare ni."

Gardi ya leƙa fuskar da ke kan kafaɗarta, ya janye sanda.

Injin ya kama gurnani. Hoton ya tsufa, duk zane-zane, jirgin ruwa yana rawa. Samari suka fara gunaguni, a sa musu mai taɓo. Sai ga kwano, sai ga Sallau. Ya naɗe hannun riga, leɓensa ya motsa, ya kai loma baki, ya dubi mutane ya yi murmushi. Duka abin bai fi a ƙirga goma ba.

Ladidi, wadda ke jingine da ƙirjin Zalihatu, ta ɗaga hannunta na dama da ƙyar, ta dube shi, ta dubi zane.

"A sake," in ji ta.

Jibo ya mayar da faifai baya. Sau uku ana sakewa, kuma a na ukun ko tari babu wanda ya yi a filin.

"Ya rame," in ji Ladidi. Iyakar abin da ta ce ke nan har aka kai ta gida.

Washegari aka kira malamin lakkwal, wato makarantar boko, wanda ake ce wa Mushe Yaro. Ya zaro takardu bakwai daga jinka, gara ta ci gefen biyu, ya karanta mata ɗaya bayan ɗaya. Ta sa a rubuta amsa: ta yafe masa, shi ma ya yafe mata, Allah ya yi masa albarka, kuma ya riƙa ci yana ƙoshi. Mushe ya tafi da ita don ya sake kwafa da tawada mai kyau.

Ranar Alhamis da hantsi Zalihatu ta kawo kunu, ta yi sallama sau biyu, ba a amsa ba. Kafin azahar an kai Ladidi makwancinta.

Da la'asar Mushe Yaro ya zo gaisuwa, takardar tana aljihunsa bai rufe ba. Ya ja Zalihatu gefe.

"Akwai sauran wuri nan ƙasa. In ƙara mai labarin rasuwa?"

Ta kalli farin wurin da ya rage.

"A'a. Wagga ta tai ita ɗai tukuna. Waccan sai wani mako."

Ya lashi bakin ambulan ya manne. Zalihatu ta karɓa ta soke a ɗankwali, ta bi hanyar gidan waya da sauri, don ta ji an ce motar Dosso da sassafe take tashi.